Kawu da Motar da Ba Ta Riƙe Silo

Ina ɗinki a shagona na Nasarawo da hantsi, ina ƙarasa wuyan wata riga, waya ta yi ƙara. Adda ce, babbar 'yar Kawu. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Tela, Baba ya faɗi a gindin mota." Na ce to ku kai shi asibiti mana, ga ni nan zuwa. Sannan ta ce, "Mun kai shi. A keke. Ya cika tun kafin mu isa."

Na yi salati, na sake yi, na rufe shago da rigar mutane a bakin allura. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, wannan ban yi jayayya da shi ba. Amma kalmar da ta bi ni a bayan acaɓa har Manawashi ita ce keke. Kawu, yayan mahaifiyata, tun ina ƙarami yake kai marasa lafiyar unguwa asibiti a tsohuwar motarsa, bai taɓa karɓar ko kuɗin mai ba. Shi aka lanƙwasa a kujerar keke mai ƙafa uku, ƙafafunsa a waje.

Adda ta ba ni labari a zaure, muryarta a bushe. Motarsa ba ta tashi, domin ya cire mata kafireta yana gyara. Sai ta bi ƙofofin masu mota na layin tana bugawa. Ɗaya ya aiko a ce babu mai. Ɗaya ya leƙo ta taga ya ce shi yana tsoron mutum ya mutu masa a mota a yi ta kai shi ana tambaya. Ɗaya kuma ya ce yanzu aka wanke ta, ɗaurin aure za shi.

Duk na gan su a sahun gaba da aka zo sallar jana'iza. Mai cewa babu mai, a motarsa ya zo maƙabarta, har ya rage wa wasu hanya. Ba zan faɗi sunan kowa ba. Sun san kansu, Allah kuma ya san su.

A zaman makoki an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, gefen motar, bonet ɗinta a ɗage yadda ya bar ta. Mutane suna zuwa, a ɗaga hannu a shafa, a ce mutumin kirki ne, a ce unguwa ta yi rashi. Samari suna ɗaukar hoton taron suna turawa a waya. Wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Allah ya jiƙansa, ba shi da mugunta. Sai dai ba ya tsayawa gaisuwa. Ka ɗaga masa hannu, ya bi ka da hayaƙi." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

Ana cikin haka wani mutum ya zo da ban sani ba. Ya yi addu'a doguwa, ta fi ta liman. Da ya shafa, bai nufi takalmansa ba, ya nufi motar. Ya ƙwanƙwasa ƙofarta da bayan yatsa yana sauraro. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Na tambayi na kusa da ni ko wane ne. Aka ce ɗan gwangwan ne, masu sayen tsohon ƙarfe su yanka su auna. Hamma ne ya kira shi, babban ɗan Kawu. Ƙasar kabarin ba ta bushe a ƙafafunmu ba.

Na tashi na same shi. Na ce, "Hamma, yau?"

Ya ce, "Dubawa kawai yake. Ai ta zama kwandem, Tela. Wa zai iya da ita?"

Ni ɗan ƙanwa ne, ba ni da gado a gidan, ba ni da bakin hanawa. Abin da nake da shi kawai shi ne abin da na gani, kuma shi zan rubuta, don kada a yanka motar a yanka labarinta tare.

Zan fara da maganar gaisuwa, domin ta yi mini zafi. Motar Kawu ba ta riƙe silo. Silo shi ne injin ya ci gaba da aiki shi kaɗai idan mota tana tsaye, ba a taka totur ba. Tasa, da safe in tana da sanyi, tana riƙewa lafiya. Da ta yi zafi, kana ɗaga ƙafa daga totur za ta yi rawa, ta yi tari, ta mutu. In kuma ta mutu da zafi ba ta tashi da makulli, sai an tura. To mutumin da ke ɗauke da mai naƙuda ko mai ciwon ciki a kujerar baya, yaya zai tsaya a majalisa ya tambayi gida da iyali da gajiya? Yakan rage gudu, ya fito da hannu ta taga, ya ce "Sai na dawo!" ya wuce. In ya dawo kuwa yana zuwa da ƙafa ya gaisa. Wannan ba wanda ya tuna da shi a kan tabarma.

Abin ya fara damunsa sosai ne ranar wata mata 'yar Borno, cikin waɗanda rikici ya koro suka kama haya a bayan layinsu. Naƙuda ta zo mata da gardama, mijin ba ya gari. Kawu ya ɗauke ta da maƙwabciyarta. A shataletale wata babbar mota ta tare hanya, dole ya tsaya, motar ta mutu. Rana tsaka, ana ta hon, matar tana kiran sunan Allah da Barbarci. 'Yan acaɓa ne suka ajiye baburansu suka tura. Ta haihu a ƙofar asibiti, ita da jaririyar lafiya. Kowa ya ce an gode Allah. Kawu ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya ce da Dada, matarsa, "Yau na kusa kashe mutum biyu da abin da na san da shi na ƙyale." Daga ranar bai bar motar ta huta ba.

Ba bakanike ba ne. Tsohon direban haya ne, ya yi hanyar Dukku har gwiwarsa ta gaji. Abin da ya sani na gyara a bakin hanya ya koya. Ni kuma tela ne, ban san komai a inji ba, amma ina da ƙafa. Ranar da ba ni da aiki da yawa sai ya aiko: "A ce wa Tela ya zo ya riƙe mini totur." In zauna a kujerar direba, shi ya tura kansa cikin bonet, hularsa a kan batir. Mu jira ta yi zafi. Sannan ya ɗaga hannu.

"Saki. A hankali, ba cizo take ba."

In saki. Ta yi rawa. Ta mutu.

"To. Ba shi ba ne. Sauko mu tura."

Na tura motar nan a layin Manawashi har yara sun daina kallo.

Ƙa'idarsa guda ce, abu ɗaya ake taɓawa. Ya ce in ka canza uku a tare ta gyaru, ba ka san wanda ya gyara ta ba, gobe in ta dawo kana nan inda kake. Ya fara da filogi. Ya ciro su ya jera a kan kwali yana duba launin bakinsu, ya goge, ya mayar. Ba su ba ne. Ya canza matatar mai. Ya daina sayen man bumburutu na galan, ko da layi ya kai ina, ya ce ƙasa da ruwa suke zuba wa mutum a tanki. Ya sauke tankin ma ya wanke. Ya goge kwantak, mai ba filogi wuta. Daga baya ya ce shi a jinsa tana shan iska ta wani wuri da bai kamata ba, sai ya ɗauko butar alwala yana ɗiga ruwa a kan kowane tiyo da kowace mahaɗa, kunnensa a kusa, yana jiran muryar injin ta canza. Ya samu tiyo ɗaya da ya tsage, ya canza. Ranar ta riƙe silo har muka gama shan shayi. Ya shiga gida yana cewa Dada ta fito ta ji. Ta fito da ludayi a hannu, ta tsaya. Motar ta mutu.

Dada ta ce, "Malam, ni ce ba ta so, ko in koma?"

Ya ce, "Koma. Kin tsorata ta."

Rigimarsu ta kullum a kan faranti ce. Dada tana da babban farantin silba na kai wa baƙi abinci. Duk ranar da zai buɗe kafireta sai farantin ya ɓace daga kicin, a same shi a tsakar gida da ƙananan ƙusoshi a jere cikin fetur. Ta ce, "Malam, na baƙi ne fa." Ya ce, "Su ma waɗannan baƙi ne, daga Turai suka zo." An sha cin shinkafa mai ɗan warin mai a gidan nan, ba wanda ya isa ya ce komai.

Ba zan ce Kawu ba shi da laifi ba, ba zai so in yi masa ƙarya ba. Yana da taurin kai, bakinsa kuma yana da kaifi. Ba ya ba da aron sifana ko ga ɗan'uwansa. An sha ba shi shawara ya sayar da motar ya sayi keke ya ba da haya, gidan ya samu na cefane, ya ƙi, Dada ce ta sha wahalar wannan ƙin da sana'ar ƙuli-ƙuli. Kuma abin da ya yi wa Hamma ya yi yawa.

Hamma ya gaji da ganin mahaifinsa yana tura mota a titi. Wata rana Kawu ya tafi jana'iza, Hamma ya ɗauki makulli ya kai ta gareji. Bakaniken bai ɓata lokaci ba, ya murɗa ƙusar silo ya ɗaga shi sama. Motar ta dawo tana gurnani a tsaye, ba ta mutuwa. Hamma ya tsaya a gefe yana jiran a sa masa albarka. Kawu ya zagaya ta, ya shiga, ya sa giya. Ta yi tsalle.

Ya fito ya ce, "Wa ya yi wannan?"

"Ni na kai ta, Baba. Ga shi ta daina."

"Ta daina me? Ciwon yana nan, ka sa ta ihu don kada a ji nishinta. In ɗauko mai karaya ta yi masa wannan tsallen? In tsaya ƙofar gidan rasuwa tana wannan kukan?"

Ya ɗauko sukudireba ya mayar da ƙusar inda take, a gaban abokan Hamma, ya ƙara da cewa wanda bai iya haƙuri da ƙarfe ba ba zai iya da mutum ba. Hamma bai sake taɓa motar ba, kuma sun daɗe ba su ci a kwano ɗaya ba. Na san wannan yana cikin abin da ya sa ya kira ɗan gwangwan da wuri. Na fahimta. Fahimtar ba ta rage mini ƙyamar ba.

Mutum ɗaya ne ya zo ta'aziyya bai ce uffan a kan kirkin Kawu ba. Baba mai walda ne na Herwagana, Kirista, tsohon abokinsa. Kawu yana kiransa Mai Wuta, shi yana kiran Kawu Direba. Da matar Baba ta rasu shekarun baya, Kawu ne ya ɗauki akwatin a bayan motar nan har ƙauyensu wajen Kaltungo, ya tsaya a bakin bishiya har aka gama, ya dawo da su. An yi ƙananan maganganu a masallaci, ya ce shi gawa ya ɗauka, bai tambaye ta inda take salla ba. Ranar makoki Baba ya zauna can ƙarshen tabarma, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Da ya ga ɗan gwangwan yana ƙwanƙwasa ƙofa, ya tashi ya je ya jingina da ƙofar, ya harɗe hannu. Mutumin ya zagaya ɗaya gefen.

Bayan sadakar bakwai aka zauna maganar gado a tsakar gida. Ni an bar ni na zauna ne don kara. Bappa, ƙanin Kawu, ya lissafa abin da aka bari: gidan, 'yar gona, da motar. Hamma ya ce motar ya riga ya samu mai saye, gobe za a zo a ja ta. Wani cikin 'yan'uwa ya ce gara haka, tana tare ƙofa. Wani ya ce tayoyin a cire a sayar daban, sun fi tsada. Ina jinsu suna rarraba ta kamar naman layya.

Dada tana daga ɗaki, a bayan labule, tana takaba. Ba a zaci za ta yi magana ba.

Ta ce, "Bappansu."

Bappa ya juyo wajen labulen.

"Ni ban san gado ba, ku kuka sani. Amma ba abin da zai fita ƙofar gidan nan ina cikin takaba. Motar nan ta ci farantina, ta ci cefanena. In akwai mai haushinta, ni ce. Ku bar ta."

Hamma ya ce, "Dada, ba ta tashi fa. Ajiye ta za a yi kaji su yi ƙwai a ciki?"

Ta ce, "Ga Tela nan, ga Mai Wuta. Su haɗa ta. In na fita takaba tana tashi, tana tsayuwa ba ta mutuwa, a lissafa ta a rabona, a bar wa unguwa, duk mai ciwo a kai shi. In ta ƙi, ka kira mutuminka."

Hamma ya dubi Bappa. Bappa ya dubi ƙasa. Aka shafa fatiha a kan haka. Na so in ce unguwar da ta bar shi a keke ba ta cancanci motar ba, amma ba ni aka tambaya ba, kuma na san amsar da Kawu zai ba ni.

Washegari da safe Baba mai walda ya zo da jakar kayan aikinsa. Adda ta fito mana da farantin daga ƙarƙashin gado, an rufe shi da tsohon zane, komai a jere yadda Kawu ya bari. Baba ya sa tabarau ya fara haɗawa, ni ina miƙa masa. Ya nuna mini wani ƙarfe da ke ratsa gindin kafiretar, ya girgiza shi da yatsa, yana motsi kaɗan. Ya ce, "Ka ga wannan? Ya ci. Wataƙila nan take shan iskar. Wataƙila kuma ba nan ba. Direba ya ce mini yana zargin wuri biyu, bai faɗa mini na biyun ba, ɗan rowa."

Ya kusa gamawa sai ya tsaya. Ya tona ƙusoshin da suka rage. Ya ɗaga zanen ya kakkaɓe.

"Ina jet ɗin silo?"

Na ce mene ne shi. Ya ce wani ɗan ƙarfe ne ja, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, mai ƙaramar huda, ta nan mai ke bi in mota tana tsaye. Ba shi, ba silo. Muka duba cikin bonet, muka share ƙasan motar, muka tankaɗe ƙasar da rariyar Dada. Baba ya zauna a kan dutse ya riƙe kai. Ya ce, "Ba ya ajiye shi a faranti. Tsoro yake kaza ta haɗiye. A aljihun gaba yake sawa, cikin leda."

Na shiga na tambayi Adda rigar da Kawu ya faɗi da ita. Ta ce kayansa ai an bayar sadaka tun ranar uku. Hamma ya tattara su a buhu, har da na jikin ƙusa, ya miƙa wa masu bara da suka taru a ƙofa. Na ce an duba aljihu? Ta ce Hamma ya duba, ya ciro waya da makulli. Leda kuwa wa zai kula da leda.

Ba wanda ya san mutumin da ya samu rigar. Na bi masallatan Juma'a ina kallon ƙirjin mabarata har na ji kunyar kaina. Na zaga wurin masu tsofaffin kayan mota na garin nan, kowa ya juya kafiretar ya ce irin wannan an daina, sai dai in gwada Kano. Ɗan gwangwan kuwa yana wucewa ta layin lokaci-lokaci, ya rage gudun babur, ya gaishe ni da fara'a.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kaifin bakinsa, ya saka masa da kowace tafiya da ya yi da marar lafiya a bayansa. Allah ya ba Dada haƙuri. Masu motocin layin, Allah ya ba su lafiyar da ba za su nemi a ɗauke su ba.

Dada za ta fita takaba bayan babbar salla. Ban je Kano ba tukuna. Ko na samo jet ɗin, ban san wuri na biyun da Kawu yake zargi ba.